Zawo Mai Jini da Majina: Atuni ne, Basir ne, ko Wani Ciwo da Ya Fi Su?

Idan mutum ya zaga bayan gida ya ga jini da majina sun biyo zawo, suna biyu ne ke fara zuwa bakinsa a ƙasar Hausa: ko ya ce atuni ne ya kama shi, ko ya ce basir ɗinsa ne ya motsa. Mai cewa atuni yakan aika yaro kemis a sayo masa Flagyl, mai cewa basir kuwa yakan nemi jiƙo ko gari a wurin masu maganin gargajiya, kuma dukansu biyu sun yanke hukunci ne kafin su duba abin da ya kamata a duba. Cututtukan da ke kawo wannan alama suna da yawa, maganin wata ba ya taɓa wata, akwai ma wadda maganin da aka sha bisa kuskure yake ƙara mata ƙarfi. Saboda haka shawarar da za a fara yankewa ita ce inda za a nufa da kuma saurin da za a yi: ƙaramin asibitin unguwa a yau ɗin nan, ko sashen gaggawa na babban asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba, ko kuma likitan hanji wanda zai leƙa ciki da na'ura. Abin da ke taimakawa wajen rarrabewa shi ne yadda ciwon ya fara, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da shekarun mai ciwon, da kuma yadda jinin yake a jikin bayan gidan.

Majina a kan kanta ba cuta ba ce, domin fatar cikin babban hanji tana fitar da ita kullum don ta sauƙaƙa wucewar bayan gida, sai dai ba ta kai yawan da ido zai gani ba. Idan wannan fata ta kumbura ko ta yi gyambo, majinar takan ƙaru, jini ya gauraya da ita, hanjin kuma ya riƙa matsawa ko da babu abin da zai fitar. Wannan ne ya sa mai atuni yake yawan zagawa, yana yunƙuri mararsa tana murɗawa, amma abin da ke fita ɗan kaɗan ne, kuma da ya tashi sai ya ji bai gama ba. Zawon da ya taso daga ƙaramin hanji ruwa ne mai yawa, ba ya zuwa da jini. Kwalara tana cikin wannan rukuni, zawonta fari-fari ne kamar ruwan da aka wanke shinkafa, haɗarinta kuwa shi ne ƙarewar ruwan jiki cikin 'yan sa'o'i. Jan jini da majina a cikin zawo, a mafi yawan lokuta, suna nuni ne zuwa ga babban hanji ko dubura.

Atuni iri biyu ne manya, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Na farko wata bakteriya ce mai suna Shigella take kawo shi, wadda ta samo sunanta daga likitan ƙasar Japan, Kiyoshi Shiga, da ya gano ta a 1897. Shi wannan atuni ba ya yin sallama. Bayan kwana 1 zuwa 3 da shigar ƙwayar cutar, mutum yakan wayi gari da zazzaɓi mai zafi, da ciwon ciki, da zawo wanda yakan fara da ruwa sannan ya rikiɗe ya zama jini da majina, jiki ya mutu, abinci ya fita a rai. Ƙwayoyi 10 zuwa 100 kacal sun isa su kwantar da mutum, shi ya sa yake bin gida ɗaya bayan ɗaya ta hannun da ba a wanke da sabulu ba bayan an yi tsarki ko an wanke wa yaro kashi, ta buta, da kwanon ci, da ƙudaje. Wuraren cunkoso da ƙarancin ruwa su ne gidansa: makarantun kwana, tsangayu, gidajen yari da sansanonin 'yan gudun hijira. A sansanonin 'yan Ruwanda da ke garin Goma na ƙasar Kongo (Zaire a lokacin) a 1994, kwalara tana lafawa sai wannan atuni ya biyo bayanta ya ci rayuka masu yawa. A ƙananan yara yakan zo da jijjiga, yakan kawo fitar baya saboda yawan yunƙuri, kuma yana saurin jefa yaro cikin tamowa.

Na biyun wata halitta ce mai suna amiba take kawo shi, kuma halinsa ya sha bamban da na farko. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya nuna kansa, yana shigowa a hankali, yawancin masu shi ba sa zazzaɓi ko kuma zazzaɓin ba ya da ƙarfi, mutum yana zuwa kasuwa ko ofis amma cikinsa bai zauna daidai ba. Zawon yakan zo ya tafi, yau da jini gobe babu, har a shafe makonni, mai ciwon yana ramewa sannu a hankali. Ana ɗaukarsa ta gurɓataccen ruwa da ɗanyen ganye irin su latas da kabeji da aka shayar ko aka wanke da ruwan da bayan gida ya shiga, kuma ƙwan amibar yana da taurin kai, domin ɗan sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan famfo ba lallai ya kashe shi ba, tafasawa ce take gamawa da shi. Mafi yawan waɗanda amiba ta shiga cikinsu ba sa jin komai. Babban haɗarinta shi ne takan bi jini ta isa hanta ta tara mugunya, abin da aka fi gani a manyan maza, kuma yakan bayyana da zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci bayan watanni da daina zawo.

Amfanin wannan bambanci yana fitowa ne a wurin magani. Flagyl, wato metronidazole, maganin amiba ne, ba ya yi wa Shigella komai ko da an shanye kati nawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Shigella ce kan gaba wajen kawo zawo mai jini a ƙananan yara, amiba kuwa yawanci ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba a cikinsu. Ke nan uwar da ɗanta mai shekara biyu ya tashi da zazzaɓi da kashin jini, aka ba ta ruwan Flagyl a kemis, kusan a ce ta koma gida hannu rabbana. Abin da hukumar ta sa a gaba ga irin wannan yaro shi ne ciprofloxacin na kwana 3 gwargwadon nauyinsa, idan bai karɓa ba a koma ga wasu irin su azithromycin ko allurar ceftriaxone. Tsofaffin magunguna kamar Septrin da ampicillin sun daina aiki a kan Shigella a wurare da dama saboda yawan shansu barkatai, kuma shi ma ciprofloxacin ɗin an fara samun ƙwayoyin da suka bijire masa, wanda hakan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a bar ma'aikacin lafiya ya zaɓi magani. A ɓangaren amiba ma akwai rabin aiki da ake yawan yi: metronidazole na mako guda zuwa kwana 10, ko tinidazole na 'yan kwanaki, yana kashe wadda ta kutsa cikin fatar hanji ne, amma ana buƙatar magani na biyu kamar diloxanide ko paromomycin don ya share wadda ta rage a cikin hanjin. Wanda ya tsaya a na farko yana iya ganin ciwon ya dawo, ko ya ci gaba da rabawa iyalinsa. Kuma ba a haɗa metronidazole da giya.

Gwajin bayan gida yana taimakawa, amma yana da iyaka da ya kamata a sani. Idan amiba ake nema, dole samfurin ya isa ɗakin gwaji da ɗuminsa, cikin kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda, a ɗebo daga wurin da jini da majinar suke, kada fitsari ko ruwa ya taɓa shi, domin abin da ke tabbatar da ciwon shi ne a ga amibar tana motsi da jajayen ƙwayoyin jini a cikinta. Sakamakon da ya ce an ga ƙwan amiba kawai bai tabbatar da cewa ita ce ta kawo jinin ba, saboda akwai wata 'yar'uwarta mai suna Entamoeba dispar wadda ba ta cutarwa, kuma a madubin likita ba a bambanta su. A ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa ake ɗora wa amiba laifin da ba nata ba. Bakteriya kuwa sai an shuka samfurin, wato an raini ƙwayoyin da ke cikinsa a ɗakin gwaji, ya yi kwana biyu ko uku kafin a san irinta da maganin da ke kashe ta, kuma wanda ya riga ya sha antibayotik kafin gwaji yakan sami sakamako mara amfani.

Akwai wasu bakteriya da ke shiga ta abinci waɗanda a ido ba za a raba su da Shigella ba. Campylobacter tana zuwa ne daga kazar da ba ta dahu ko ta gasu sosai ba da madarar da ba a tafasa ba, Salmonella kuma daga ƙwai da nama, kuma a babban mutum mai ƙoshin lafiya yawanci sukan wuce da kansu cikin mako guda. Wadda ta cancanci a tsaya a kanta ita ce wani nau'in bakteriyar E. coli mai fitar da guba, wanda ke zama a hanjin shanu. Alamarsa ciwon ciki ne mai tsanani da zawo mai jini sosai, amma zazzaɓi kaɗan ne ko babu. A cikin kowane 100 da suka kamu da nau'in da aka fi sani, 5 zuwa 10 sukan sami lalacewar ƙoda da fashewar ƙwayoyin jini, musamman yara, kuma hakan yakan faru ne bayan kamar mako guda, daidai lokacin da zawon ya fara sauƙi iyaye suka saki jiki. A Jamus a 2011 wani nau'insa ya kashe mutum sama da 50, aka bi sawu har zuwa tsiron hulba da aka ci ɗanye. Likitoci suna guje wa antibayotik idan suna zargin wannan cuta, domin yana iya ƙara haɗarin taɓuwar ƙoda. Duk yaron da ya yi kashin jini, daga baya fitsarinsa ya ragu, ya ɗashe, fuska ko ƙafa ta kumbura, babban asibiti za a kai shi nan take.

Jariri daban ne, kuma wannan shi ne wurin da jinkiri ya fi tsada. Tsakanin wata 3 zuwa shekara 2 ko 3, musamman kafin cika shekara, wani yanki na hanji yakan zurma cikin yankin da ke gabansa ya maƙale, jini ya daina isa gare shi. Yaron da yake lafiya lau sai ya ƙwalla ƙara, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya yi shiru na minti 15 zuwa 20, sannan kukan ya dawo. Amai ya biyo baya, wani lokaci kore, daga ƙarshe ya fitar da jini da majina masu yauƙi ba tare da kashi sosai ba. Sau da yawa akan ce haƙori ne, ko a ba da maganin atuni a koma gida. Fitar haƙori ba ta kawo jini a bayan gida. Hoton sikanin yana nuna wannan matsala, kuma idan an zo da wuri ana iya warware hanjin da iska ko ruwa ta dubura ba tare da wuƙa ba. Idan aka kwana biyu ko uku, sai tiyata, wani lokaci har a yanke yankin da ya mutu.

Basir kuwa, duk da cewa masu talla a bakin kasuwa sun ɗora masa kusan kowane ciwo daga ciwon baya har zuwa kasala, aikinsa a wannan batu ƙayyadadde ne. Jijiyoyin jini ne na bakin dubura da suka kumbura. Jininsa ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama bayan gida ko a gan shi a wurin tsarki, yana saman kashin bai cakuɗa da shi ba, kuma na ciki yawanci ba ya ciwo. Tsagewar fatar dubura ita ma tana ba da ɗan jini ja, amma da raɗaɗi mai tsanani a lokacin fitar kashi da bayansa, kuma ta fi biyo bayan taurin bayan gida. Basir ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kawo zawo, ba ya ramar da mutum. Abin da ke iya faruwa shi ne zawo ya tayar da basir ɗin da yake kwance, sai a ga jini a ƙarshe, ya kuma tsaya idan zawon ya tsaya. Idan jinin ya gauraya da kashin da majina, to daga sama ya fito, kuma samun basir a jikin mutum bai hana wani ciwo ya kasance a samansa ba.

Idan abin ya wuce mako biyu, ko yana tafiya yana dawowa, lissafin ya canja. Mai noman rani, da masunci, da yaron da ke wanka a madatsar ruwa ko magudanar ban ruwa, ya kamata a duba musu tsargiyar hanji. An fi sanin tsargiya da fitsarin jini, amma akwai nau'in da ke zuba ƙwansa a jijiyoyin hanji, yana kawo zawo mai jini jefi-jefi, kuma idan aka bar shi shekaru yakan taurara hanta ya kumbura saifa. Maganinsa praziquantel ne, sha ɗaya gwargwadon nauyi. Wata siririyar tsutsar ciki ma, idan ta yi yawa a yaro, tana kawo atuni mai daɗewa da ƙarancin jini da fitar baya, kuma maganin tsutsa irin su mebendazole ne maganinta.

Sannan akwai kumburin babban hanji wanda ba ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba, garkuwar jiki ce take afka wa fatar hanjin. Ya fi farawa tsakanin shekara 15 zuwa 30, yana zuwa da zawo mai jini da majina na makonni ko watanni, yana tayar da mutum cikin dare, ya lafa ya sake tashi, wani lokaci tare da ciwon gaɓoɓi ko jan ido. Ba shi da yawa a wajenmu kamar a Turai da Amurka, amma yana nan, kuma masu shi sukan shafe shekaru suna shan Flagyl ana ce musu atuni ne mai naci. Kamanninsa da amiba yana da haɗari ta fuska biyu, domin magungunan danne garkuwar jiki da ake ba mai wannan kumburi suna iya sa amiba ta huda hanji idan ita ce ke ciki, don haka sai an tabbatar babu ita kafin a fara su.

Ciwon da ya fi dacewa a riƙe a zuciya ga wanda ya haura shekara 40 shi ne sankarar babban hanji da dubura. Ba ta zuwa da zazzaɓi ko hayaniya. Mutum yakan lura cewa tsarin bayan gidansa ya canja na makonni, zawo yana musanya da taurin ciki, kashin ya sirance, akwai jini da majina, yana jin bai gama ba, yana ramewa, jininsa yana raguwa. Likitocin tiyata a Nijeriya sun daɗe suna ba da rahoton cewa masu wannan cuta suna zuwa asibiti a makare, kuma a shekarun da suka gaza na takwarorinsu na Turai, don haka ƙuruciya ba kariya ba ce, balle ga wanda wani na jininsa ya taɓa yin ta. A Amurka tun 2021 aka sauko da shekarun fara binciken wannan sankara zuwa 45 ga masu lafiya ma. Kunya tana hana mutane da yawa yarda a duba su, alhali da yatsa kawai likita yakan iya taɓo ƙarin da ke ƙasan dubura. Abin da ke yanke shakka shi ne leƙa hanji da siririyar na'ura mai kyamara, a ɗebo ɗan nama a gwada, kuma ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wata shida na shan jiƙon basir yana iya zama bambanci tsakanin ƙarin da za a cire a warke da wanda ya riga ya bazu.

Launin jinin ma yana da abin faɗa. Kashi baƙi ƙirin mai danƙo da mugun wari jini ne da ya zubo daga tumbi ko farkon hanji, yawanci daga gyambon ciki, kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen yana jawo shi. Sai dai maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma yana baƙanta kashi ba tare da wata illa ba. Mai zazzaɓin taifot da ya shiga mako na uku ya fara kashin jini, ko cikinsa ya ƙulle da ciwo, yana iya kasancewa hanjinsa ne ya huje, kuma wannan aikin ɗakin tiyata ne.

Ko wane ne daga cikin waɗannan, abin da za a yi a gida kafin a isa asibiti ɗaya ne. A ba da ruwan gishiri da sukari, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin ƙunshin. Idan babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba a cika su da tozo ba, a cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa. Yaro a ba shi zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, wanda bai kai wata 6 ba miligiram 10. A ci gaba da shayarwa da ba da abinci mai laushi, domin hana yaro abinci don zawo ya tsaya yana kashe masa jiki ne kawai. Kada a sha maganin tsayar da zawo irin su loperamide matuƙar akwai jini ko zazzaɓi, saboda yana riƙe ƙwayoyin cutar da gubarsu a ciki, yana kuma iya sa hanji ya kumbura ya daina aiki. Idan zazzaɓi ya dame shi, farasitamol ya fi diclofenac aminci.

Babban mutum mai ƙarfi da ya ga jini a zawo, yana iya shan ruwa, yana iya tafiya, ya je asibiti mafi kusa a wannan rana. Ba a jiran gari ya waye idan mai ciwon jariri ne da bai kai shekara ba, ko yaro mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda ba da jimawa ba, ko mace mai ciki, ko tsoho, ko mai cutar ƙanjamau. Haka nan idan jinin yana zuba da yawa ko da gudaji, ko ana jiri da suma, ko ido ya zurma fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana shan komai, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko yaro ya yi jijjiga. Wanda aka ba magani ya koma gida kuma, kwana 2 ne ma'auninsa: idan maganin ya dace da cutar, zazzaɓi zai sauka, zagawa za ta ragu, jinin zai ragu, sha'awar abinci za ta dawo. Idan ba a ga haka ba, a koma wurin likita da katin maganin da aka sha a hannu don a canja shi ko a sake gwaji, kuma idan an canja sau biyu jinin bai tsaya ba, a nemi takardar turawa zuwa ga likitan hanji.